Turmi ukun da na bar wa taubashina

Shekarun baya, ina sabon malami a wata makarantar sakandare a nan Haɗeja, na yi wata tafiya Kano wadda har yau abokan aikina ba su san dalilinta ba. Ce musu na yi zan je duba ɗan'uwa. Gaskiyar magana fad na je saya, abin nan da ake riƙewa a buga gem da shi. Malamin lissafi guda, da gemuna da jan birona a aljihu, na yi sammakon shiga motar Kano saboda abin wasa. Kwanan nan wani daga cikinku masu karanta rubutuna ya tambaye ni wane irin fad ya fi dacewa da gem ɗin faɗa. Na fara rubuta masa amsa a layi biyu, sai na ga ba za ta fito daidai ba in ban haɗa da wannan labarin ba.

Ina da taubashi, ɗan goggona, ƙanwar mahaifina da ke aure a Guri. Sa'anni ne mu, watanni ne a tsakaninmu. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka tun muna rarrafe aka gaya min bawana ne, shi kuma aka gaya masa kada ya kuskura ya yarda. Da ya isa shiga sakandare aka kawo shi gidanmu, muka yi shekara shida a ɗaki ɗaya, kuma a duk shekarun nan ban tuna ranar da muka yi gaisuwar mutunci ba. Ni ina ce masa ɗan fadama mai warin banda, shi yana ce min ɗan birni mai tsoron kwaɗo. In faɗanmu ya yi yawa mahaifiyata kan leƙo ta ce mu ci gaba, in ɗaya ya kashe ɗaya tuwo ya ƙara auki.

A wani gidan gem da ke bayan kasuwa muka koyi wasan. Sauran samari ƙwallo suke bi, mu kuwa faɗa muka kama. Da yaren dambe muke buga shi: kowane zagaye turmi ne, in jinin ɗan wasanka, wato ƙarfinsa da ake nunawa a talabijin, ya ƙare ya faɗi an yi kisa. Kuma bari in faɗi gaskiya tun da wuri, ya fi ni nesa ba kusa ba. Duk wanda ya taɓa riƙe fad ya san babban yatsan hagu shi ne direba. Shi ke kai ɗan wasanka gaba da baya, shi ke sa shi ya durƙusa ko ya yi tsalle, kuma duk wani dukan sirri daga murzawarsa yake fitowa. Na taubashina har kanta ya yi. Akwai wani tsoho mai farin gemu a cikin wasan da ba wanda ke ɗauka saboda wuyar sarrafawa, shi kuwa ba ya ɗaukar kowa sai shi. Duk sanda ya kashe ni sai ya ɗago yatsan nan ya kawo shi daidai hancina ya ce, "Gaishe da ubangidanka."

Da muka gama makaranta ni na wuce karatu, shi ya koma Guri ya kama gona tare da mahaifinsa, shinkafa da damina, tattasai da alkama da rani. Da na dawo na samu aiki, abu na farko da na saya ba katifa ba ce ba kuma agogo ba, na'urar gem ce ta gwanjo da fad guda biyu. Tun daga nan Lahadi ta zama ranarmu. Yakan shigo kasuwar Haɗeja da kayan gona tun da safe, in ya sallami masu saye ya yi azahar sai ya zarce gidanmu, ya cinye min rabin abincina yana kushe shi, mu zauna gaban talabijin har rana ta yi sanyi, sannan ya ruga ya kama motar ƙarshe.

A wata kaka, ana tsakiyar casar shinkafa, bel ɗin injin casa ya kama hannun rigarsa ya ja hannunsa na hagu. Kafin a kashe injin babban yatsan ya tafi tun daga tushe, manunin kuma ya karye, har yau ba ya lanƙwasuwa. Nan Haɗeja aka kawo shi asibiti. Ina aji aka kira ni.

Na same shi kwance, hannun a naɗe da bandeji, goggo na zaune a gefe tana jan carbi. Na tsaya a kansa na ce, "Sannu. Ya jikin? Allah ya sa kaffara ce." Maganar da kowane mutumin kirki zai faɗa ke nan, amma shi bai taɓa jin irinta daga bakina ba. Ya ɗan dube ni kamar mai jiran in ƙarasa. Da ya ga ban ƙara komai ba sai ya yi murmushin ƙarfin hali ya ce, "To ubangida, ga bawanka nan ya rage daraja. In za ka sayar sai dai ka karyar." Wasa ya miƙo min daga kan gadon asibiti, ni kuwa na ƙi karɓa. Na ɓata fuska na ce haba, ya daina irin wannan maganar, ba lokacinta ba ne. Ya ce to, ya juya fuskarsa bango.

A lokacin gani nake hankali na yi. Har wani girma nake ji a raina, wai na san inda wasa ya kamata ya tsaya.

Bayan kamar wata biyu ciwon ya warke, ya aiko cewa zai biyo ranar Lahadi. Tun ranar Asabar na kwance na'urar gem ɗin na cusa ta a akwati na tura ƙarƙashin gado. Da ya zo na ba shi kujera, ni na zauna a tabarma. Na kawo masa ruwa da kaina. Na tambaye shi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar wani surukina. Duk zaman nan idona bai sauka kan hannunsa ba, in ya motsa shi sai in kalli rufin ɗaki. Da ya dubi inda na'urar take zama ya ga wayam, sai na riga shi na ce ai lalacewa ta yi, tana wajen mai gyara.

Lahadin da ta biyo baya ƙaryata ta ƙare, don wayar fad ɗaya ta leƙo daga bakin akwatin. Bai ce min na yi ƙarya ba. Cewa kawai ya yi in fito da ita.

Na haɗa, muka zauna. Ya ɗauki tsohonsa mai farin gemu kamar kullum. Ya gwada riƙe fad ɗin, ya zame. Ya ɗora shi a cinya yana danna ɓangaren hagu da yatsan tsakiya, sai tsohon ya riƙa tsalle a inda ya kamata ya durƙusa, yana ja da baya a inda ya kamata ya kai duka. Turmin farko ko ƙoƙari ban yi ba na kashe shi. Da na ga tsohon nan kwance a ƙasa sai na ji kamar goggo na mara. Daga turmi na biyu na fara sassautawa. In ya kawo duka sai in makara wajen karewa, in na kai nawa sai in kai shi inda ba kowa. Ya ci turmi uku a jere. Don rashin wayo har na ƙara da yabo, na ce kai, ashe har yanzu kana nan da ƙarfinka.

Mutumin da ya yi shekara goma yana karanta hannuna na zaci zan ruɗa. Bai kawo komai kusa da hancina ba. Ya naɗe wayar fad ɗin a hankali da hannu ɗaya, ya ajiye a kan tebur, ya ce gara ya kama mota da wuri. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Na gode, Malam." Ya sha kirana Malam, amma kullum da gatse. Ran nan babu gatse a ciki.

Daga nan bai sake zuwa ba. Da farko sai in ji an ce an gan shi a kasuwa ya sallami kaya ya juya. Daga baya ko kasuwar ma ya daina shigowa, sai dai ya haɗa maƙwabta da kayan. In na kira shi a waya zai ɗauka, mu gaisa lafiya lau, komai ya ce alhamdu lillahi, minti biyu maganar ta ƙare. Goggo ta gaya wa mahaifiyata cewa a zaure yake wuni, hannun a cikin aljihun riga, ya daina zuwa majalisar abokansa, gonar ma sai mahaifinsa ya yi da gaske. Ba ya faɗa da kowa, ba ya kuka, ba ya dariya. Abin ya tsaya min a rai sosai, don ina ji ina gani mutumin da na fi shaƙuwa da shi a duniya yana zama baƙo, kuma na rasa laifin da na yi.

Wata ranar bayan la'asar na tarar da mahaifiyata tana tsintar shinkafa a faifai, na zauna na kai mata ƙararsa. Na lissafa mata duk kirkin da na yi masa: na daina tsokanarsa, na ɓoye abin da zai tuna masa, har wasa na bar masa ya ci don ya ji daɗi. Ina faɗa ina jiran ta sa min albarka.

Ta ajiye faifan a cinya. Sannan ta ce, "Duk Guri masu yi masa sannu ne. Uwarsa sannu za ta yi masa, ni ma haka. Mutum ɗaya tak Allah ya ba shi wanda aikinsa shi ne ya zage shi ya yi dariya. Kai kuma ka ajiye aikinka ka je ka bi layin masu sannu."

Na ce ai tausayinsa nake ji. Ta ce tausayi ba laifi ba ne, amma kowa da ƙofar da nasa yake shiga. Sai ta ba ni wani labari da ban taɓa ji ba. Ta ce lokacin da 'yarta ta fari ta rasu, wadda aka haifa kafin ni, ta yi fiye da wata guda ba wanda ya ga haƙorinta. Kowa ya shigo sai ya sassauta murya, har ta fara jin kamar ita ma an gama da ita, jira kawai ake. Ranar da taubashiyarta ta iso daga ƙauye, ko zama ba ta yi ba ta dube ta ta ce ashe ko kukan ma ba ta iya ba, dubi yadda hanci ya kumbura kamar an dasa albasa. Ta ce ta yi dariya, ta yi kuka, ta kuma yin dariya, kuma ran nan ne ta fara cin abinci da kanta. Tana gama faɗa ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinta.

Na kwana biyu ina juya maganar. Komawa tsokana ba wuya, amma wasan fa? In na zauna na lallasa shi da fad ɗin da ba ya iya riƙewa, zalunci ne. In na bar masa, cin fuska ne, na riga na ga sakamakonsa. Abin da ya rage shi ne a samo abin da hannunsa na yanzu zai iya faɗa da shi da gaske. Na yi ta bincike a waya, na ga iri-iri, kowa yana yabon nasa. Amma duk masu yabon yatsunsu goma ne. Shi ya sa na shiga motar Kano.

Shagon yana saman wani bene a cikin kasuwa, mai shagon matashi ne mai yawan magana. Na ce ya haɗa min gem ɗin faɗa, ina so in gwada duk irin fad ɗin da yake da shi. Ya ce ba damuwa. Sai na zaro baƙin salatif daga aljihu, na kwantar da babban yatsana na hagu a tafin hannu na naɗe shi tam, na haɗa manunin da wani guntun kara na naɗe don kada ya lanƙwasu. Ya saki baki yana kallona, na san a ransa cewa yake yau ya haɗu da mai taɓin hankali. Na gaya masa dalili a taƙaice. Surutun nan nasa ya tsaya. Ya jawo min kujera, ya fara sauko da kwalaye daga sama.

Mun fi awa biyu. Fad na yau da kullum, mai kyan da jabun, duk zamewa suke, don ashe babban yatsa ba tuƙi kaɗai yake yi ba, har riƙon ma da shi ake yi. Sai a ranar na san abin da taubashina ya sha a waccan Lahadin yana zaune kusa da ni bai ce uffan ba. Ya kawo wani mai ƙarin madannai a baya yana ta koɗa shi, na gwada, shi ma sai da babban yatsa. Ya kawo wani shimfiɗaɗɗe kamar allo, madannai zalla ba abin murzawa. Wannan ya so ya yi, amma yana neman manuni mai lafiya, namu kuwa a sandare yake.

Can ƙarshe ya ɗauko wani akwati mai faɗi da ake ɗorawa a cinya. A dama manyan madannai ne da ake bugawa da yatsu, a hagu kuma wata 'yar sanda ce tsaye mai dunƙulallen kai kamar ƙwallon goruba. Ya nuna min yadda wasu ke riƙe ta: a juya tafin hannu sama, a sa sandar tsakanin yatsan tsakiya da na kusa da ƙarami, wuyan hannu ya yi sauran aikin. Na gwada. Ɗan wasana ya yi gaba, ya yi baya, ya durƙusa, kowane motsi da 'yar ƙararsa, ƙas, ƙas. Ban san sanda idona ya kawo ruwa ba, a gaban yaron mutane, da salatif a hannu.

Iri biyu ne a shagon. Akwai na roba marar nauyi mai sauƙin kuɗi, akwai mai gindin ƙarfe. Na robar in ka ja sandar da ƙarfi sai ya biyo ka yana yawo a cinya, mai gindin ƙarfen kuwa inda ka ajiye shi nan yake zama. Mai shagon ya ce in ɗauki mai waya, in bar wanda ake caji, don ya san halin wutarmu, kuma mai waya ba ya jinkirin kai saƙo. Na ɗauki mai nauyin. Ba zan faɗi abin da na biya ba, don matata tana karanta abin da nake rubutawa a nan.

Yana ɗaure kwalin ya ce akwai abin da ya kamata in sani. Duk wanda ya koma wannan daga fad na yau da kullum sai ya zama ɗan koyo, ko da gwani ne, ko da yatsunsa sun cika. Sai ya yi watanni yana shan kashi kafin hannu ya faɗa. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malam, za ka iya zama kana kallonsa yana shan kashi a hannunka?" Na ce zan iya. Har na sauko daga benen ban tabbata gaskiya na faɗa ba.

Ranar Asabar na ɗaure na'urar da ƙaramar talabijin ɗina da kwalin na kama hanyar Guri. Ruwan farko ya sauka, fadama ta fara kore, mutane duk sun fita gyaran gona. Duk tsawon hanyar ina maimaita zagin da zan yi masa kamar mai haddar karatu, kuma duk sanda na maimaita sai in ji ya ƙara muni.

Bayan azahar na isa. Yana zaune a zaure shi kaɗai, ya rame, hannun hagu a aljihu. Yana ganina ya miƙe zai tarbe ni da irin gaisuwar da na koya masa. Na runtse ido na ce, "Ɗan fadama, an ce min inji ya ɗanɗana ka ya ji warin banda ya tofar da sauran. Shi ne ka shige ɗaka kamar mai takaba?"

Daga cikin gida ina jin goggo tana daka, sai na ji taɓaryar ta tsaya. Na ce a raina shi ke nan, na ƙarasa abin da na fara. Can taubashina ya ce, "Ai gara ni. Da kai ya kama, da alli ya shaƙe shi."

Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Na buɗe kwalin na ɗora masa akwatin a cinya. Ya dube shi ya ce shi ba ya karɓar sadaka. Na ce wa ya ce kyauta ce? Aro ne, na kawo ne don in toshe masa baki, kada gobe ya ce yatsa ne ya sa nake cin sa. Ranar da ya kashe ni ya zama nasa. Sannan na faɗi abin da ya fi zagin wuyar fita. Na ce, "Waccan Lahadin, bar maka na yi."

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Ba zan ƙara ba."

Sai ya zaro hannun daga aljihu ya ɗora a kan akwatin. Wannan ne karo na farko da na kalle shi sosai: inda yatsan yake ya zama ɗan dunƙule mai sheƙi da tabon ɗinki, manunin a miƙe. Ban kau da kai ba. Na kama hannun na juya tafin sama, na sa masa sandar a tsakanin yatsun kamar yadda aka nuna min.

Aka tayar da ƙaramin janaretan mahaifinsa, muka fara. Sau goma sha ɗaya na kashe shi a yammacin nan, kuma kowane kisa sai na ji shi a jikina. Gumi yana zuba a goshinsa, tsohonsa mai farin gemu yana ta tuntuɓe. Wajen na biyar na ji yatsuna suna neman sassautawa da kansu. Na tuna tambayar mai shago, na tuna layin masu sannu, na cije na ƙara masa wuta, ina yi ina ce masa ko kifin da aka shanya ya fi shi motsi. Ana cikin haka, ban san yadda aka yi ba, ya murza sandar daidai, tsohon ya saki dukansa na sirri wanda rabon da mu gan shi tun kafin kaka. Ko kusa da ni bai zo ba, iska ya daka. Amma taubashina ya daki cinyarsa ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce in jira shi, kwanana ya kusa ƙarewa.

Goggo da kanta ta shigo da kwanon fura, abin da ba ta saba ba. Ta ajiye, ta ɗan tsaya a bayanmu tana kallon talabijin ɗin da ba ta fahimtar komai a cikinsa. Ta sa bakin mayafi ta goge ido, ta ce mu sha kafin ta yi tsami, ta koma ciki.

Na bar masa kayan gaba ɗaya a Guri. Duk daminar nan ni ke zuwa ranar Asabar, har da ranar da ruwa ya cinye wani yanki na hanya sai da na shiga kwalekwale, ni mai tsoron kwaɗo. Kullum in je in ba shi kashi in dawo. Amma turmin yana ƙara tsawo, jinina yana ƙara raguwa kafin in gama da shi. A tsakanin nan ya koma gona sosai, ya koma majalisa. Da hanya ta bushe ya ci gaba da shigowa kasuwa, ya dawo min da kayana a buhu, akwatin mai sanda kuwa a naɗe cikin tsohon zanen goggo.

Wata biyar ya ɗauka. Wata Lahadi ce a ɗakina, an sake shiga kaka. Na ci turmin farko, ya ci na biyu, a na uku kowa jininsa saura ƙiris. Na yi tsalle zan gama da shi, tsohon nan ya tare ni a sama ya maka ni da ƙasa. Haushi na gaske na ji, har na yar da fad ɗin a kan katifa.

Na jira ihunsa, ban ji ba. Da na juya sai na ga ni yake kallo, ba talabijin ba. Ya ce, "Rantse."

Na ce, "Wallahi tallahi ban bar maka ba."

Ya ci gaba da duban idona kamar mai neman wani abu a ƙasan rijiya. Sai da ya gamsu, sannan ya ɗago hannun hagun a hankali, ya kawo ɗan dunƙulen nan daidai hancina ya ce, "Gaishe da ubangidanka." Na gaishe shi. Har da rusunawa.

To ɗan'uwa mai tambaya, amsata ke nan. Ni ban san fad ɗin da ya fi kowane kyau ba. Na dai san ba a zaɓarsa da ido ko da tsada, da hannun da zai riƙe shi ake zaɓa, kuma in don wani za ka saya, ka san hannun nasa tukuna, kada ka kau da kai kamar yadda na yi.

Yau taubashina yana da mata da 'ya'ya, yana noma fiye da da, kuma a Lahadi uku sai ya ci ni a biyu. Akwatin nan yana nan, sau ɗaya aka canza masa kan sanda. In ka gan mu muna zage-zage za ka ce ba abin da ya taɓa shiga tsakaninmu. Amma akwai abu ɗaya da ni kaɗai nake gani, kuma yana min ciwo har yanzu. Kafin hatsarin, in ya yi kisa ihunsa ke riga komai. Yanzu akwai ɗan tsaiko, bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Ba injin casa ne ya sa masa shi ba, ni ne, da kyakkyawar niyya, a turmi uku na yammaci ɗaya.

Tun daga ranar ban ƙara bar masa ko naushi guda ba, shi ma ya sani. Amma ko Lahadin da ta wuce da ya kashe ni a turmi na uku, sai da ya waiwayo ya dubi fuskata tukuna, sannan ya yi dariya.